Kalmar da Malama ta rubuta mini da jan biro

A ajin ilimin sassan jiki na fara haɗuwa da kalmar superficial, shekarata ta farko a makarantar koyon aikin jinya. A can kalma ce mai nuna wuri kawai, wato abin da ke kusa da fata. Jijiyoyin da muke gani a bayan hannu, waɗanda muke lalube in za a sa wa marar lafiya ƙarin ruwa, su ne na sama. Akwai wasu kwance can cikin tsoka da ido ba ya kai musu. Haka muka haddace, haka muka zuba a jarrabawa.

Furta ta ne ya fi ba mu aiki. Gaɓa huɗu gare ta, su-pa-FI-shal, a ta uku ake danna murya. Wahalar ita ce p da f sun haɗu cikin kalma ɗaya, mu kuwa a Hausa sauti ɗaya muke da shi a wajen, shi ma kowa da yadda yake fitar da shi. Ga Basakkwace da mutanen Nijar nan suna cewa tahi inda Bakano zai ce tafi. Shi ya sa rabin ajinmu sufafishal muke cewa. Wata malama ta sa muka riƙe takarda a gaban baki. In za ka ce p sai leɓɓa su rufe ruf, iska ta fashe ta kaɗa takardar. In f ce kuwa haƙoran sama ne za su taɓa leɓen ƙasa, iska ta sulale. In aka mai da kalmar suna ta koma superficiality, gaɓoɓin sun zama bakwai, nauyin muryar ya tashi ya koma kan ta biyar, su-pa-fi-shi-A-li-ti. Na kai mako biyu ina maimaita ta a hanyar makaranta kafin bakina ya saba.

Da muka fara shiga asibiti sai kalmar ta zame mini albishir. Lokacin hunturu ake yawan kawo yara da ƙuna, ko ruwan wanka ya kife musu, ko tukunyar kunu, ko wajen jin ɗumi. In likita ya duba ya ce superficial ce, sai in ji hankalina ya kwanta, don na san saman fata kaɗai wutar ta taɓa. Wurin zai yi ja, zai yi zafi sosai, amma ba bororo, cikin mako guda ya warke ba tabo. Ƙunar da ta ci fata har ƙasa ita ce abin tsoro. Wurin kan yi fari ko baƙi, ya ƙandare, sau da yawa ma ba ya ciwo saboda jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sun ƙone. Na sha ganin uwa tana murna ɗanta ya yi shiru, mu kuwa shirun ne ya tayar mana da hankali.

A shekarar ƙarshe na ɗauki wannan batu na yi kundin kammala karatu a kansa: me iyaye mata ke yi wa yaro a gida kafin su kawo shi asibiti? Na raba takardun tambayoyi, na tattara amsoshi. Wata ta fasa ɗanyen ƙwai, wata ta shafa man goge baki, wata manja. Kaɗan ne suka yi abin da aka koya mana, wato a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20, ban da ƙanƙara. Da na zo bayanin dalili sai na rubuta jahilci ne da rashin wayar da kai, na rufe babin.

Kundin ya dawo da kalma ɗaya a gefen shafin, da jan biro: superficial. Da ma'anar asibiti na karanta ta. Na ɗauka Malama mai duba kundina na nufin gyaran ɗan kaɗan ne, na sama-sama, sai na je ofis ɗinta in ji waɗanne kurakurai zan share.

Ta ce in zauna. Ta ce, "'Yata, kin san daga ina kalmar nan ta fito?" Na ce, "A'a, Malama." Ta ce daga Latin take, super na nufin sama, facies kuma fuska, wato abin da ya tsaya a fuskar abu bai shiga ciki ba. In an faɗe ta a kan rauni, sauƙi ne. In kuwa an faɗe ta a kan tunani, ko bincike, ko halin mutum, to zargi ne mai nauyi, ana nufin ba zurfi. Turawa in suka kira mutum da ita, suna nufin ado da kyan fuska kaɗai ke gabansa. Sannan ta ɗora yatsa kan kalmar jahilci ta ce, "Mace nawa kika zauna da ita kika tambaye ta dalili?"

Ko ɗaya ban zauna da ita ba. Abin da ya fi damuna shi ne matan nan irin iyayena ne da yayyena, na san gidajensu, amma na yanke musu hukunci da kalma ɗaya don ita ce mafi kusa da hannuna.

Na koma na yi mako uku ina hira da su a bakin gadon 'ya'yansu. Wata ta ce ta san da maganar ruwa, a rediyo ta ji, amma a unguwarsu famfo ba ya kawowa, jarka ɗaya ta rage a gidan daren. Wata ta ce surukarta ce ta fasa ƙwan, ita kuwa ba ta da bakin hana ta a gaban mutane. Wata ta jira maigida ya dawo daga kasuwa, don ba ta fita ba izini, ba ta kuma da kuɗin mota. Babin da na gama a shafi biyu ya koma shafi goma sha ɗaya, na cire kalmar jahilci gaba ɗaya, na ƙara shawarar a riƙa kiran kakanni da mazaje in za a yi bitar taimakon gaggawa. Da na mayar wa Malama ta karanta a gabana har ƙarshe, ta sa hannu, ta ce in kai wa shugabar sashen yara kwafi ɗaya.