Asalin kalmar sukari a harsunan Turai

Bafaranshe na cewa sucre, ɗan Ingila sugar, Bajamushe Zucker, ɗan Italiya zucchero, ɗan Sifen azúcar, ɗan Rasha kuwa sahar. Duk tsatsonsu ɗaya ne, daga Indiya. A harshen Sanskirit, sharkara na nufin tsakuwa. In aka dafa ruwan rake ya yi kauri, aka bar shi ya huce, sai ya daskare ya yi tsaki-tsaki, shi ya sa sunan ya bi shi. Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar.

Wanda ya zauna gaban malam a makarantar allo ya riga ya riƙe mabuɗin sauran labarin. Harafin sin na cikin haruffan shamsiyya, watau in "al" ta hau kansa lam ɗin ba ya fita a baki: as-sukkar. Musulmi sun shiga Andalus, watau yankin Sifen da Fotugal na yau, a 711, Larabci ya daɗe a bakin mutanen can, sai suka ɗauki kalmar da "a" ɗinta a gaba. Ga azúcar a Sifaniyanci, ga açúcar a harshen Fotugal. Italiya kuwa ta karɓe ta tsirara, kuma daga wajenta Jamusawa suka samo tasu, har yau da sautin "ts" a farko. Haka ta faru da auduga: ƙuɗun na Larabci ya zama algodón a Sifen, cotone a Italiya. Mu ma mun yi irin ta mutanen Andalus a albasa da alƙalami da allura.

Ta Rasha dabam ta biyo, ta Girkanci, sakkharon. Daga nan saccharose ta fito, sunan sukari da ɗaliban Maraɗi ke haddacewa a darasin kimiyya.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar kamar sauti a matsayin hujja. Da yake a nan Nijar mun ari bakansi da lakwal daga Faransanci, sai a zaci sukarin mai shayi ma sucre ne aka Hausantar. Daga Larabci yake kai tsaye, an ƙara masa wasali a ƙarshe kamar yadda aka yi wa sabulu da alƙalami. Suga da ake ji in an ƙetare iyaka zuwa Jibiya da Katsina, ita ce ta zagayo ta Ingilishi.