Mako na shida: na auna ruwan leda don gwada da'awar 50cl

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Kwana biyu kun ji ni shiru. Na ajiye atisayen littafin ƙididdiga (statistics) ne na ɗauki ma'aunin kicin, domin tambayoyin littafi an riga an tauna mana su: ga matsakaici, ga yawan samfur, saka a dabara. Ni kuwa ina so in ga lambobin suna fitowa daga hannuna. Sai na duba ledar ruwan da nake sha kullum, wadda aka buga 50cl a jikinta. Wannan rubutun da'awa ce a kan matsakaicin dukkan ledojin da kamfanin yake cikawa, wato mililita 500. Ita na ɗauka a matsayin da'awar asali, wadda ake rubutawa H0. Kishiyarta kuma ita ce matsakaicin ba 500 ba ne, ko ya fi ko ya gaza. Na rubuta wannan a takarda kafin in taɓa leda ko ɗaya, don kada lambobin da zan gani su zaɓa mini ɓangaren da zan gwada.

Mililita ɗaya na ruwa nauyinsa kusan giram ɗaya ne, don haka ma'aunin ya wadatar. Ina auna ledar a cike, in zubar da ruwan a kofi, in bar ledar ta bushe, in auna ta, sannan in cire nauyinta.

Gwajin farko da leda 5 na yi, duk daga jaka ɗaya. Matsakaici ya fito 494, ma'aunin warwatsuwa (yadda lambobin suka bazu daga matsakaici) 11. Na raba 11 da tushen 5 (square root), na samu 4.92, wato kuskuren matsakaici. Tazarar da ke tsakanin 494 da 500 ita ce 6, idan aka raba da 4.92 sai a samu lambar gwajin da ake kira t, wato -1.22, da alamar ragi domin 494 ya gaza 500. A jadawalin t, layin matakan 'yanci 4 (yawan samfur a cire ɗaya), iyakar 0.05 ta ɓangarori biyu, wadda sai girman t ya haye ta ake ƙaryata da'awa, ita ce 2.776. Ban ko kusa ba. Nan take na rubuta cewa kamfanin ya cika alkawari.

Washegari na soke wannan jumlar, kuma a nan nake so mu tsaya. Idan alƙali ya sallami wanda ake tuhuma saboda shaidu ba su isa ba, bai rantse cewa mutumin bai yi laifi ba. Abin da leda 5 suka nuna kawai shi ne ba su isa su ƙaryata da'awar ba. Da samfur ƙarami haka, ko da ana tauye ruwan da gaske, zai yi wuya gwajin ya kama. Kuskure na biyu ma ya fi wannan nauyi. Ledojin jaka ɗaya yawanci inji ɗaya ne ya cika su a jere, cikin 'yan mintoci, don haka 'yan gida ɗaya ne. Ba su wakilci abin da kamfanin ke fitarwa a mako ba, kuma babu dabarar da za ta gyara samfurin da aka ɗebo ta wannan hanya.

Sai na sake lale. Cikin kwana 10 na sayi leda 16 na kamfanin, ɗaya-ɗaya, a shaguna da tasha da wajen masu talla daban-daban. Matsakaici 492, ma'aunin warwatsuwa 12. Tushen 16 shi ne 4, saboda haka kuskuren matsakaici ya zama 3. Tazarar 8 raba 3, t ya fito -2.67. Matakan 'yanci 15, iyaka 2.131. A wannan karon na haye ta, darajar p kuma, wadda zan fassara a ƙasa, kimanin 0.018 ce.

Masu aiki da Excel ku lura: da farko na yi amfani da STDEV.P, wadda ke rabawa da yawan samfur gaba ɗaya. Ta samfur ita ce STDEV.S, mai rabawa da yawan samfur a cire ɗaya. Darajar p kuma T.DIST.2T ce ke bayarwa, amma ba ta karɓar lamba mai alamar ragi, sai a ba ta 2.67.

Na kuma gane dalilin da ya sa ba a amfani da 1.96, iyakar 0.05 ta jadawalin z, a nan. Waccan iyakar ta wanda ya san ainihin warwatsuwar dukkan ledojin ce. Ni ƙiyasta ta na yi daga leda 16, kuma ƙiyasin kansa yana rawa, don haka dole iyakar ta ɗan matsa gaba. Mutumin da ya warware wannan, William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness ne a Dublin, kuma matsalarsa irin tamu ce: samfur kaɗan, hukunci kuma ba ya jira. A 1908 ya wallafa aikin a mujallar Biometrika da sunan aro, Student. Iyakar 0.05 kuwa Ronald Fisher ne ya yaɗa ta ta littafinsa na 1925. Al'ada ce mai amfani, amma mutum ne ya zaɓe ta.

Fassarar 0.018 ta ci mini yini guda. Na so in ce yiwuwar kamfanin yana da gaskiya 18 ce cikin 1,000. Ba haka ba ne. Ma'anarta: da a ce matsakaicin 500 ne da gaske, kuma aka yi ta ɗibar leda 16 ana maimaita lissafin, sau 18 kacal cikin 1,000 t zai yi nisa irin wannan, ko ta sama ko ta ƙasa. Magana ce a kan samfurori, bisa sharaɗin da'awar gaskiya ce.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari, wato tsakanin lambobin da ake ƙiyasin ainihin matsakaicin yana ciki. An ninka 2.131 da 3, ya ba da 6.4, a cire shi daga 492 kuma a ƙara shi a kai, saboda haka daga 485.6 zuwa 498.4. Lambar 500 tana waje, daidai da hukuncin gwajin, amma tazarar ta ƙara faɗa mini girman giɓin. Mililita 8 bai kai cokalin shayi biyu ba, kashi 1.6 cikin ɗari ne na ledar. Ga mai sha ba wani abu ba ne. Ga mai cika dubban ledoji a rana, lissafin daban ne. A ganina duk wanda zai kawo mana darajar p a nan, ya haɗo da wannan tazarar.

Saura abu ɗaya da ya hana ni sakin jiki: ma'aunin kansa. Idan yana rage giram 5 a cikin kowane giram 500, gwajin t ba zai taɓa gani ba, domin duk lambobin za su karkata tare. Ranar Asabar zan kai shi wajen wani abokina mai ɗakin gwaje-gwaje a makarantar sakandare, mu ɗora masa dutsen awo na giram 500. Wanda yake da ma'auni a cikinku ya auna leda 16 a garinsu ta hanyar da na bi, ya turo matsakaici da ma'aunin warwatsuwa, domin mako mai zuwa gwajin samfurori biyu zan fara kuma ina buƙatar lambobin da ba nawa ba.