Abin da na koya game da gurɓatar ɗabi'a a wajen yara da matsalolin da ke tafiya tare da ita

A karatuna na lafiyar ƙwaƙwalwar yara, darasin da ya fi zama a raina shi ne cewa matsalar gurɓatar ɗabi'a ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. Kundin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya lissafa alamominta 15, daga cin zalin mutane da dabbobi zuwa ɓarnar dukiya, sata, yaudara da gudu daga gida, kuma sai an ga aƙalla uku cikin watanni 12 kafin a tabbatar da ita. Tun a 1966 masanin halayyar ɗan Adam Thomas Achenbach ya raba matsalolin yara gida biyu, waɗanda ke cin yaro a ciki kamar fargaba, da waɗanda ke fitowa fili su shafi wasu. A gida na biyu gurɓatar ɗabi'a take zaune tare da matsalar bijirewa manya, da rashin nutsuwa da ake kira ADHD, da shan miyagun ƙwayoyi, kuma abin da ya haɗa su shi ne raunin kame kai.

Inda na fi tsayawa shi ne yadda ɗaya ke share wa ɗaya hanya. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya yana shan tsawa daga safe zuwa dare. Mahaifiyarsa ta ce ya ajiye wasa, ya yi ihu ya buga ƙofa, ita kuma ta gaji ta ƙyale shi, sai ya gane cewa ihu yana biya masa buƙata, ita ma ta gane cewa ƙyalewa tana kawo sauƙi. Masanin halayyar ɗan Adam Gerald Patterson ya bayyana wannan zagaye, kuma duk wanda ya zauna da irin waɗannan iyalai ya san yadda yake gajiyar da kowa ba tare da wani ya yi nufin sharri ba. Idan takwarorinsa suka guje shi, sai ya samu wuri a wajen masu irin halinsa, daga nan shaye-shaye ya zo da wuri.

Ban yarda a ɗauki wannan a matsayin tafarkin da ba makawa ba. Gaskiya ne ba a tabbatar wa baligi halin gaba da al'umma, wato ɗabi'ar take haƙƙin wasu da ke ɗorewa bayan an girma, sai ya kai shekara 18 kuma an ga alamun gurɓatar ɗabi'a tun kafin ya kai 15, amma da yawa daga cikin yaran ba sa kaiwa can. Masaniyar halayyar ɗan Adam Terrie Moffitt ta bambanta a 1993 tsakanin ƙalilan da suka fara tun suna ƙanana suka ɗore, da masu yawa da abin ya tsaya musu a samartaka.

Shi ya sa nake fara tambayar ko abin ya soma kafin shekara 10, sannan in bincika ko akwai ADHD a ƙasa, domin maganinta yakan rage faɗa, yayin da horar da iyaye kan yabo da hukunci mai tsari yake karya zagayen tun yaro bai girma ba.