Watan Yuni da jaruman littattafan zane

Ɗazu nake duba jerin littattafan zane da za su fito a Amurka, sai na tuna a 2021 kamfanin DC mai buga irin waɗannan littattafan ya fara ware wa watan Yuni, watan da masu neman jinsi suke bikinsu a can, kundi guda kan jarumai masu neman jinsinsu. An yi tafiya fa. Can ɗin ma sai 1989 ƙa'idar masana'antar ta sassauta a kan batun. Northstar, wani jarumi a littattafan kamfanin Marvel, ya bayyana kansa a matsayin mai neman jinsinsa a 1992, aka ɗaura masa aure da namiji a 2012.

Ni dai kasuwancin ne ya tsaya min a rai: riguna, kofuna, bangon littafi na musamman. Yuli na kamawa sai a tattara kayan, wasu jaruman kuma ko ɗuriyarsu ba ka ƙara ji sai baɗi.