Abin da injinan iska suka koya mana game da tsuntsaye da jemagu

Babban darasi a aikin samar da lantarki da iska shi ne zaɓen wuri. In aka kuskure shi, duk gyaran da zai biyo baya rage asara ne kawai. A Altamont Pass da ke Kalifoniya a Amurka, an kafa dubban ƙananan injina a farkon shekarun 1980 a kan tuddan da kurege ya yi yawa, wato tsakiyar wurin farautar gaggafa, aka yi ta tsintar gawarwakinsu shekara da shekaru. Shi ya sa yanzu ake ƙirga tsuntsayen wuri na aƙalla shekara guda kafin a haƙa rami, don a kama lokacin ƙaura.

Daga nesa farfela kamar a hankali take juyawa, alhali bakinta kan wuce kilomita 250 a awa. Ita kuwa ungulu in tana shawagi ƙasa take duba, mushe take nema. A yankin Kadis na Sifaniya sai aka sa masu tsaro, da sun hango ungulu ta doso su tsayar da injin da ke kan hanyarta. Mutuwar ta ragu da rabi, lantarkin da aka rasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A tsibirin Smøla na Norwe, shafa wa reshe ɗaya na farfela baƙin fenti ya rage mutuwar tsuntsaye da kusan kashi 70, sai dai injina huɗu kacal aka shafa, bai isa a mai da shi doka ba.

Jemagu sun fi mutuwa a daren da iska ta lafa, a ƙarshen lokacin zafi. Maganin shi ne kada injin ya tashi sai iska ta kai mita 5 zuwa 6.5 a daƙiƙa. Inda ake tafka kuskure: dole a karkata rassan su daina kamun iska, in ba haka ba suna ta juyawa a banza, ba wuta, ga kisa.

Ƙirga gawa ma akwai ruɗi, domin kare da dila kan kwashe ta kafin mai bincike ya iso. Ana ajiye gawar gwaji a ga kwana nawa za ta yi, sannan a gyara lissafi.

A wuri irin Lambar Rimi a Katsina, mai injina 37, aiki mafi arha shi ne kwashe mushen dabbobi daga gindin injina kafin ungulu ta gan shi.