Maƙogwaron nan ya kusa sa ni ajiye allura

'Yan'uwa masu koyon ɗinkin ado, yau dai na yi barci da murmushi. Kun tuna 'yan tsuntsayen nan biyu masu shan ruwan fure na tsaunukan Andis na Kudancin Amurka da na ce zan ɗinka a yadi ɗaya? Ɗaya na Ikwado ne, Oreotrochilus chimborazo, ɗayan kuma estella, na Peru da Bolibiya. Dangin juna ne, girma da lanƙwasar baki duk kusan ɗaya, sai na ɗauka aikin kwana uku ne. Ashe!

Kuskuren farko nawa ne. Namijin Ikwado baƙin layi ne ya ratsa farin cikinsa, na estella kuwa ja-ja ne mai ruwan ƙasa. Na yi wa duka biyun baƙi, na zauna na warware. Wannan bai dame ni ba.

Maƙogwaro ne ya ba ni wuya. Na estella kore ne shar, kansa ruwan ƙasa. Na Ikwado kai da wuya duk shunayya, kamar ya sa hula ya ja ta har ƙirji. To sai ga wani hoto, kai shunayya, maƙogwaro kore. Na rantse an yi wa hoton wasa ne. Daga baya na gane na Ikwado waɗanda ke kan dutsen Chimborazo kansa haka suke, na wajen Kito, babban birnin ƙasar, su ne ba su da koren. Kafin nan na riga na kashe naira 4,500 a zaren siliki kala uku, biyu suna nan a gwangwani suna kallona.

Kuma ƙyallin nan ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke mayar da haske, shi ya sa in tsuntsun ya juya sai wuyan ya koma baƙi. Sau huɗu ina cika wurin da dogon ɗinki, yana fitowa kamar faci. Jiya na raba silikin sili ɗaya, na yi gajerun ɗinki kamar ɓawon kifi, kowane layi na ɗan karkatar da allura, ƙarƙashi kuma baƙin zare. Na ɗaga yadin a bakin taga na juya shi, koren ya ɓace ya dawo. Har ihu na yi.

Saura furen chuquiraga mai ruwan lemo da na Ikwado ke maƙalewa a kai. A can sama da mita 4,000 sun fi sauka kan fure su sha maimakon shawagi, don haka sai na koyi ɗinka ƙafa. Wa ya taɓa yin farcen tsuntsu da sili ɗaya bai tsinke ba?