Birkin tsohon Raleigh ɗina ya kama, saura na gaba

Jama'a birkin ya kama! Jiya da la'asar na ɗora buhun gero rabi a kariya na gangaro ta hanyar bakin fadama, na danna feda baya, tayar ta tsaya cak har ta ja layi a ƙasa, babu ƙara babu girgiza. Wallahi sai da na sauka na zagaya keken ina kallo.

Ga wanda bai san inda aka kwana ba, firam ɗin tsohon Raleigh ne na kawuna, irin mai birkin sanda da taya 28, ya daɗe a jingine bayan rumbu tsatsa ta ci wili da modigad amma bodin garau, ƙarfen da ake yi da can daban ne. Da farko hankalina ya tafi kan irin waɗanda ake ce wa lowrider, masu doguwar kujera da dogon kai da sifok rututu suna ƙyalli, waɗanda 'yan asalin Meziko mazauna Los Anjalas suka shahara da su, suna gina su a kan Schwinn Sting-Ray da ya fito a 1963. Suna da kyau ba ƙarya, amma keken da ke jan ciki a ƙasa ina zai je a rairayin Taura? Ko ƙofar gida ba zai fita ba. Sai na koma kan klunker, wato abin da samarin Marin a Kalifoniya suka yi a shekarun 1970, su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka kwaso tsofaffin firam ɗin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, suka cire duk wani kayan ado suka bar taya mai kauri da kai mai faɗi suna gangarowa daga dutse. Daga nan keken hawan dutse ya samo asali. Wannan shi ya dace da mu, don matsalarmu a nan yashi ne da tsidau.

To ga inda aka sha wuya. Tayar 28 ta asali wilinta milimita 635 ne, ta 26 mai kauri da nake so kuma 559, bambancin 76 ne, kenan bakin wili ya yi nisa da takalmin birki da rabinsa, milimita 38, birkin sanda ba zai taɓa kaiwa ba, kuma ko ya kai shi yana jan wili ne ta ciki, wilin 26 ɗin nan kuwa ba a yi shi don haka ba. Mafita ɗaya ita ce hob, wato cibiyar wili inda sifok ke haɗuwa, mai birkin feda, wanda ake danna feda baya ya tsayar da taya. Na samo shi a Kano jikin wani mataccen keken Beljiyam, mai shagon ya ga ina so ya ƙi sauka daga dubu sha huɗu, hob kaɗai fa, ba sifok ba wili. Na biya amma har na hau motar Ringim raina a ɓace yake. Tsohon hob ɗin baya ramukan sifok 40 gare shi na gaba 32, sabon kuma 36, don haka babu abin da ya shiga wani, sai da na nemi wili mai 36 ran kasuwar Gujungu, Baba mai faci na bakin tasha ya ɗaure min, Allah ya saka masa, hannunsa a ɗaurin sifok ba na yara ba ne.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan hannun birkin. Kun san ɗan ƙarfen nan da ke fitowa ta hagun hob ya kwanta jikin ƙafar firam, shi ke riƙe duk ƙarfin tsayawa. Hob ɗin ya zo ba maɗaurinsa, kuma lanƙwasar hannun ta wani firam ce daban, idan na ɗaure aksil sai bakinsa ya tsaya a sarari kusan yatsa guda daga ƙafar firam. Aka ɗaure da langalanga, birki na farko mai ƙarfi ya yage ta kamar takarda, hannun ya juya ya kwance kon ɗin ciki da ke matse boris, taya ta soma rawa. Aka sa waya ninki-ninki, ta riƙe a fili, da na ɗauki kaya ta saki. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk lokacin da hannun ya juya sai an sake buɗe hob an daidaita boris, ga giris ga yashi, mutum ya zauna a tabarma yana tsintar ƙwayar boris a ƙasa magariba na ƙaratowa.

Na kai wa mai walda, ya duba ya ce "Alhaji ƙarami kawo in ɗiga masa wuta a jikin firam kowa ya huta." Na ce a'a oga, idan ka like shi ran da tsidau ya huda tayar baya da me zan cire ta, kuma yaya zan ja cen in ya saki? Ya ce to ai sai ka yi ta fama. Ni dai ba za a sa wa firam ɗin kawu wuta ba, wannan magana na gama ta tun farko.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe, na cire hannun gaba ɗaya daga hob, muka damƙe shi a bais muka lanƙwasa a hankali a sanyi, kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har ya kwanta daidai ƙarƙashin ƙafar firam ba tare da an tilasta shi ba. Wannan ne asirin, in hannun yana zaune a takure to kowane maɗauri ka sa sai ya ci shi. Sannan na yanko ƙarfe mai faɗi daga tsohuwar kariya, kaurinsa ya kai milimita 2, na naɗe shi a ƙafar firam da guntun tsohon tif a ƙarƙashi don kar ya ci fenti, na huda na zura kusa mai lamba 10 da noti biyu ɗaya kan ɗaya. Kuma tsarin ɗauri yana da muhimmanci: a fara jan cen da ajasta, a ɗaure notin aksil, maɗaurin hannu shi ne na ƙarshe. In ka fara da maɗauri taya za ta zauna a karkace.

Cikin hob ɗin ma na wanke da kananzir na cika shi da giris mai jure zafi, ba irin na gwangwani da ake aunawa a cokali ba. Su waɗancan na Marin tseren da suka fara a 1976 da ake kira Repack, gangaren kan ƙona giris ɗin hob har sai an sake cikawa. Mu ba mu da dutse irin nasu amma muna da zafin Afrilu da buhu a kariya, ban yarda in yi wasa da wannan ba.

Taya biyu 26 x 2.125 sun ci dubu sha tara, nan ma na ji a jikina, sai dai a yashi bambancin a fili yake, inda da sai na sauka na tura yanzu ina wucewa a zaune. Keken ya yi ƙasa da wajen santimita 2, feda na ɗan taɓa ƙasa in na kwanta a kwana, na saba ɗaga ta ciki. Kan keken kuwa na sa mai faɗi na tsohon babur, ya shiga da ɗan cikon gwangwani. Fenti ban taɓa ba tukuna, baƙin asali da ragowar zanen zinare a jiki sun fi min kyau, mai kawai na shafa.

Gaba ce ta rage, kuma ba ƙaramar magana ba ce, don birkin feda da cen yake aiki, cen ya faɗi shi kenan ba ka da komai. Yara suna ta roƙo in ba su su zaga, na hana kowa sai an sa na gaba. Ramin fok ya yi nisa da wili sosai, ƙaramin birkin waya ba ya kaiwa, ina neman mai dogon hannu irin na ƙananan kekunan wasa da ake ce wa BMX, ko kuma hob ɗin gaba mai birkin ganga, wato wanda birkinsa ke cikin hob. Wanda ya taɓa sa irin wannan a fok ɗin Raleigh ko Phoenix don Allah ya faɗa min wanne ya fi riƙewa da kaya, kafin ran Lahadi in shiga Gujungu.